Lalle a Bakin Tekun Amurka

Ni mutumin Damagaram ne, inda in an ce ruwa ana nufin na cikin tulu ko na jarka. Saboda haka da na zo karatun labarin ƙasa a jami'ar da ke Bron, a gefen Lyon, na kuma ce bincikena a kan tsofaffin taswirorin bakin tekun Amurka zan yi shi, ƴan uwanmu na nan sun sha dariya har sun gode Allah. Wani Alhaji mai tura tsofaffin firji da katifu gida ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ko tabki ba ka iya tsallakawa?" Gaskiyarsa ce. Har yau ban iya iyo ba, ba ni kuma da niyyar koya.

Wani tsohon Bature ne a Paris ya ja min. Na je birnin karɓo wata takarda, na gama da wuri, sai na bi bakin kogin Seine ina kashe lokaci kafin jirgina. A can masu sayar da tsofaffin littattafai suke da korayen akwatuna jere a kan katangar kogin. A murfin ɗaya daga ciki na hango takardu masu launi an rataye su kamar shanya. Na ɗauka zanen yara ne, na matsa in yi dariya.

Ashe taswirori ne, amma ba irin waɗanda aka koya mana ba, masu layuka da lambobi. Waɗannan cike suke da mutane. Bayan yaƙin duniya na biyu, da Amurkawa suka samu motoci da hutu, kowane ɗan gari na bakin teku sai ya sa a zana masa irin wannan, a raba kyauta a gidajen mai da otal-otal, don masu wucewa su ratse su kwana. Mutum ya karɓa ya ninke ya jefa a aljihun mota, in hutu ya ƙare ya zubar. Waɗanda suka tsira daga shara su ne tsohon yake tarawa. Na tsaya a gabansu baki buɗe har jirgina ya kusa tafiya ya bar ni.

Tun daga ranar, duk zuwana Paris sai na biya ta wurinsa. Dogo ne siriri, da hular ulu da ba ya cirewa ko ana zafi, ga saurin fushi. In masu yawon buɗe ido suka ɗaga waya za su ɗauki hoton kayansa ba su sayi komai ba, korarsu yake da hannu kamar kaji. Ni ma ban taɓa sayen abin kirki ba, amma ya ƙyale ni, wai don ni kaɗai nake neman izini kafin in taɓa. Yana kirana ɗan Sahara. Ni kuwa Baba nake ce masa, kuma da na faɗa masa ma'anar kalmar bai hana ni ba.

Mun fi shekara da sanin juna kafin ya nuna min wadda ba ta sayarwa ba ce. Daga can ƙasan akwatin ya zaro ta cikin wata jakar fata, ya buɗe ta a hankali a kan littattafan, ya miƙo min madubinsa mai ƙara girman abu.

Kai! Gari ne a gabar gabas ta Amurka, teku a hannun dama, shuɗi mai haske a baki, yana ƙara duhu in aka nutsa ciki. Rana a kusurwa tana murmushi. Wata doguwar hanya ta katako ta bi bakin ruwan daga sama har ƙasa, mutane na yawo a kanta riƙe da hannun juna. Ga wani lilo mai kamar ƙafar keke da ya fi benayen garin tsawo, mutane zaune a kwandunansa suna ɗago hannu. Motoci dogaye masu fukafukai a baya, ja da ruwan ƙwai, sun yi layi a ƙofar ƴan otal-otal. Kifin da aka kamo ya fi kwalekwalen girma, kuma shi ma kifin dariya yake yi. Wani ƙato an binne shi cikin rairayi sai kai da tumbi, ƴaƴansa na ƙara masa ƙasa. Can tsakiyar ruwa wata dabba mai girman gida tana feso ruwa ta tsakar ka. Mata kuwa birjik a ƙarƙashin laimomi masu ratsi-ratsi, wasu kwance wasu a guje, ba komai a jikinsu sai ɗan kamfai da ɗan abin rufe ƙirji. Kowane mutum bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, amma kowa da fuskarsa.

Na duba ko'ina ban ga asibiti ba, ban ga maƙabarta ba, ban ga mai ɓacin rai ko ɗaya ba. Baƙin mutum guda na samu, a ƙofar otal, ɗauke da akwatunan wasu, shi ma an sa shi yana dariya. Na san talla ce, na san ƙarya ake sayarwa, ai karatun da nake yi ke nan. Amma wallahi sanin bai hana tsikar jikina tashi ba. Wani bawan Allah ya zauna da alƙalami ya gina gari sukutum inda ba a ciwo ba a tsufa, ya ajiye kowa a inda zai ji daɗi, kuma bayan shekaru masu yawa ga su nan suna ta jin daɗin.

Tsohon ya ɗora farcensa kusa da wata mata. Ita kaɗai ce tsaye a bakin ruwa, nesa da laimomin, cikin jan kayan wanka. Ta ɗan karkata gefe, hannun dama a goshi tana hangen teku, na hagu kuwa ta kai shi baya ta ɗora a ƙugu.

"Wannan uwata ce," in ji shi.

Na ɗauka zolaya ce, sai na ga fuskarsa. Ya ce yana ƙarami, ko makaranta bai shiga ba, uwarsa ta bi wani sojan Amurka ta tafi. Ta bar shi wurin kakarsa da alkawarin za ta aiko a kai mata shi. Ba ta aiko ba. Abin da ya zo kawai shi ne wannan taswira, cikin ambulan, daga garin da take aikin gyaran ɗakuna a otal. Sai yaro ya bi matan ciki ɗaya bayan ɗaya yana nemanta, har ya tsaya a kan wannan, don ita kaɗai ce ke kallon gabas, wajen Faransa.

"Na san mai zanen bai taɓa ganinta ba," ya ce. "Ban haukace ba. Amma ba ni da wani hoton nata."

Takardar ta fara tsagewa a layukan ninki. Ni da kaina, da bakina, na ce masa sashenmu a Bron yana da wata babbar na'ura mai ɗaukar hoton irin waɗannan takardu ba tare da ta ji musu ciwo ba. Na ce ya ba ni in kai a ɗauka, a buga masa sabuwa ya riƙa kallo, tsohuwar ta huta. Ya ƙi, ya sake ƙi. Ranar da ya yarda, ya sa ta cikin kwali ya ɗaure da igiya, ya miƙo, amma bai saki ba sai da na ja. Ya ce, "Ɗan Sahara, ko ruwan sama kar ya gan ta." Na ce masa amana ce, na kuma tsaya na yi masa dogon bayanin abin da amana take nufi a wurinmu, da baki cike.

A lokacin muna zaune a Vaulx-en-Velin, can saman wani dogon bene, ɗaki ɗaya da falo. Matata na da tsohon ciki, na fari, kuma mahaifiyarta ta iso daga Maradi don ta yi mata jego. Duk wanda ya san kunyar suruka ya san ba don gidan Faransa aka yi ta ba. A gida akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ta inda mutum zai zagaya. Nan kuwa ɗan lungu ɗaya ne ya haɗa ɗaki da falo da banɗaki. Da safe in durƙusa a bakin ƙofar falo in gaishe ta, ta ja mayafi ta juya wajen bango ta amsa. Abinci a tsaye nake ci a kicin, da sauri. In muka yi kiciɓis a lungun, kowa sai ya koma inda ya fito ya jira ɗayan ya wuce, wani lokaci mu duka biyu muna can muna jira har shayi ya huce.

Na'urar ta jami'a sai an bi layi, haihuwa kuwa ba ta jira layi ba. Aka samu namiji. Taswirar dole a shimfiɗa ta ta saki ninkinta kafin a kai ta, kuma tebur ɗaya ne a gidan, a falo, inda Hajiya, surukar tawa, ke kwana take salla. Na shimfiɗa ta a can, na danne kusurwoyin da littattafai. Kullum bayan la'asar, in Hajiya ta shiga ɗaki wurin ɗiyarta, sai in lallaɓo da madubina in duƙa a kan taswirar ina rubuta abin da na gani. Ban taɓa lura ba cewa ƙofar ɗakin ba ta rufuwa duka.

Zuwan jaririn ya ba mu hanyar magana. Hajiya kan ɗauke shi ta ce, da ƙarfin da zan ji daga kicin, "Ka ce wa babanka gishiri ya ƙare." Ni kuma in amsa daga can, "Ka ce wa Hajiya za a sayo." Ta wannan hanyar na gane taswirar ta kama ta ita ma.

"Tambayi babanka, duk wannan ruwan ana sha?"

"Ka ce wa Hajiya gishiri gare shi, ba ya shayuwa."

"Ikon Allah! Ruwa har ruwa, ba na sha ba. To tambaye shi, mutanen nan ba su da gona ne, kowa kwance?"

Wata rana ta ce a tambaye ni ina suke kai matattunsu, don ta duba ba ta gani ba. Na ji daɗi har cikin raina, abin da na nema na rasa ita ma ta nema. Matata ta ce da hantsi, in na fita, Hajiya kan sa tabarau ta zauna a gaban teburin ta daɗe, tana bin hanyar katakon da yatsa ba tare da ta taɓa ba, tana salati. Teku sau ɗaya ta taɓa gani, ta tagar jirgin da ya kawo ta, kuma ta ce ta ɗauka wata samaniyar ce a ƙasa.

Abin da ban faɗa ba shi ne, Hajiya mai ƙunshi ce. A unguwarsu a Maradi amare layi suke yi a ƙofarta. Ta zo da garin lallenta ƙulle a leda, kuma ana jajibirin suna ta kwaɓa, ta zana wa ɗiyarta hannu da ƙafa da tsinken tsintsiya, zane mai laushi kamar saƙa. Sauran kwaɓin ta rufe ta sa a firji. Ranar suna gida ya cika da ƴan Maradi da ƴan Tahoua, har da maƙwabtanmu ƴan Kano, na ɗauke taswirar na ɗora a saman kabad, ina ganin na yi dabara. Washegari na mayar da ita kan tebur na tafi Bron. A can aka ce min layina ya zo, in kawo ta gobe. Na hau tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, na sauka na hau bas ina murmushi ni kaɗai.

Ƙamshin lalle ne ya fara tarbata a bakin ƙofa. Falo ba kowa. Na leƙa teburin kamar yadda na saba, sai na ga bakin tekun ya canza launi. Babu mace ko ɗaya tsirara. Kowace an ɗaura mata zane daga ƙirji har idon sawu, ja mai duhu, wasu har da ɗankwali. Lallen ya bushe, an kankare shi tsaf, launin ya zauna daram cikin takardar.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni mai saurin hawa ne, kowa ya san ni, direbobin bas ɗin layinmu ma sun san ni. Da wani ne ya yi wannan, da duk benen ya ji muryata. Amma surukata ce. Ba a ɗaga mata murya, ido ma ba a ɗaga mata. Na juya na fita, ban jira asansar, na'urar hawa da sauka, ba, na bi matakala har ƙasa, na yi ta zagaye wurin ajiye motoci ina zage-zage da Faransanci, don da Hausa bakina ba zai iya ba. Abu ɗaya ne a duniya tsohon nan yake da shi na uwarsa, ya ba ni, ko hoton ban ɗauka ba.

Da na dawo na tarar da matata a kicin, idonta ya yi ja. Barci take yi lokacin da abin ya faru, amma ta riga ta tambayi uwarta. Ta rage murya ta ce, "Ta ce kullum tana hango ka duƙe da madubi a kan matan nan. Ta tambaye ni tun kwanaki, na ce mata karatu ne. Ta ce to in karatun dole ne, bai kamata a bar ka cikin wannan kunyar ba, mutum mai iyali, ga suruka a gida. Ta ce yanzu ka yi karatunka hankali kwance."

Kafin in buɗe baki muka ji muryar Hajiya daga falo, tana yi wa jaririn wasa. "Ka ce wa babanka ba sai ya gode ba."

To me zan ce? Na share fuskata na ce, "Ka ce wa Hajiya Allah ya saka da alheri." Wallahi haka na faɗa, murya na rawa, ita kuwa ta ɗauka kunya ce.

Bayan la'asar ta shiga ɗaki, na ɗauko madubin don in ga iyakar ɓarnar. Sai fushin nawa ya rasa wurin zama. Zanen wannan bai yi kama da na waccan ba. Wata ɗigo-ɗigo ne, wata ganye, wata ratsi a baki kamar saƙi. Waɗanda ke kwance an lulluɓa musu mayafi, yana bin jikinsu yana lanƙwasa inda ya kamata. Waɗanda ke cikin ruwa ɗankwali kawai aka ba su, tunda ruwan ya rufa musu asiri. Wata da ke can ƙololuwar lilon an ɗaure mata zanen tamau, an soke bakinsa, saboda iska. Ba ta taɓa namiji ko ɗaya ba, ba ta ɗiga ko ɗigo a cikin tekun ba. Tsohuwa mai tabarau, da tsinken tsintsiya, a kan mutanen da ba su kai gaɓar yatsa ba, cikin hantsi ɗaya. Na yi shekaru ina kallon aikin masu zanen nan na Amurka, kuma hannunta bai gaza nasu ba.

Matar da ke bakin ruwa na bar ta ƙarshe, don tsoro. Can na kai madubin kanta. An ɗaura mata zane kamar sauran, amma a bayanta akwai tudu. Ga ɗan kai kewayayye ya langaɓe a kafaɗarta, ga ƴan ƙafafu biyu sun leƙo ta gefen ƙugunta, ga majanyi an zagayo da shi an ƙulle a ƙirji. Hannun nan nata na hagu, da ta kai baya, ya faɗa daidai ƙarƙashin yaron.

Labarin tsohon ban taɓa ba wa kowa ba, ko matata. Na kira ta na nuna mata, na ce ta tambayi Hajiya me ya sa wannan kaɗai ta yi wa goyo. Hajiya ba ta jira an shigo da tambayar ba, ta ji ta daga ɗaki.

"Ka ce wa babanka ai mai zanen ne ya yi mantuwa," ta ce da jaririn. "Ya dubi hannunta mana. Mace ba ta kai hannu baya haka sai tana tallafe da goyo. Ga ta nan ta karkata, jijjiga shi take yi. Ya zana uwar ya manta ɗan."

Na zauna a ƙasa. Na san tsayuwar nan, tsayuwar ƴan matan talla ce ta wancan zamani, na gan ta a taswirori ba adadi. Amma da na sake dubawa na kasa ganinta yadda nake ganinta da. Duk da haka gabana faɗuwa yake yi, don na san yadda tsohon zai ɗauke ta: zai ce na kwashe sirrinsa na kai gida, muka mayar da shi abin wasa.

A ranar na ba matata labarin duka. Ta yi kuka, ta ce bari ta faɗa wa uwarta. Na hana. Hajiya in ta ji ta ɓata amanar da aka ba surukinta, ba za ta ƙara iya cin abinci a gidana ba. Na kai taswirar wurin wata mata mai gyaran tsofaffin takardu a cikin Lyon, ta duba ta juya, ta ce lalle ya shiga jikin takardar, in aka ce za a cire shi da matan zai tafi. Layina na na'ura ya wuce ban je ba. Na mayar da ita cikin kwalinta, na ɗaure da igiyar da ya ɗaure, na shiga jirgin Paris da safe.

Ana sanyi, kogin ya yi toka-toka. Na tarar da shi yana jera littattafai. Da ya ga kwalin fuskarsa ta saki, ya miƙo hannu biyu. Ban ba shi ba sai da na ce, "Baba, tsaya ka ji. Ban ɗauki hoton ba, kuma taswirar ta ɓaci a hannuna."

Ya karɓa ya kwance igiyar, ya buɗe a kan littattafan.

"Wa ya yi wannan?"

"Surukata."

"Da me?"

"Da lalle, abin da matanmu ke ado da shi a hannu. Ba ya fita."

Ya ɗago ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba. "Ko ruwan sama, na ce maka." Sannan ya faɗi wasu maganganu a kaina da a kan amanar da na yi masa wa'azinta. Ba zan maimaita su ba, na dai tsaya na sha, don ban ga wadda ba daidai ba a ciki.

Ya zaro madubinsa daga aljihu. Shi bai bi ta kan sauran matan ba, kai tsaye wurinta ya nufa. Ya duƙa ya daɗe. Wani jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido ya wuce ta ƙasanmu ana ta surutu a lasifika, bai ɗago ba. Da ya yi magana, muryarsa a sanyaye take.

"Ka ba ta labarina."

"Wallahi, Baba, ba ta sani ba. Har yanzu ba ta sani ba."

"To me ya kawo wannan?"

Na faɗa masa abin da Hajiya ta ce, ban ƙara ban rage ba: cewa mace ba ta kai hannu baya haka sai tana tallafe da yaro, cewa jijjiga shi take yi, cewa mai zanen ya zana uwar ya manta ɗan. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Wasu samari biyu suka tsaya suka ɗaga waya suna ɗaukar hoton akwatinsa, bai ko kalle su ba.

"Haka kuke ɗaukar yara a can?"

"Haka."

"Har zuwa yaushe?"

"Har ya yi ƙafa, wani lokaci har bayan nan. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take daka. In tafiya ta kama ta, da shi take tafiya."

Ya koma kan madubin. "Yaron ya yi duhu," ya ce, ya yi wata ƴar dariya da ba ta kai ƙarshe ba.

"Lallen ne, Baba. Ba shi da wani launi."

Ya gyaɗa kai. Ya ciro ƙyalle ya goge madubin, ya goge idonsa, ya sake duƙawa.

"Ba ya faɗuwa?"

"Ba ya faɗuwa. An ɗaure shi a jikinta."

Bai ce ya yafe min ba, ni ma ban roƙa ba. Ya ajiye madubin a kan taswirar don kar iska ta ɗauke ta, ya miƙe a hankali ya juya wajen kogin kamar ya manta ina wurin. Ina tsaye a bayansa na ga ya kai hannunsa na hagu baya, ya ɗora a ƙugunsa, ya buɗe tafin sama, yana gwadawa.